Kuskuren Hannun Egidio

Idan ka tambayi mutanen unguwarmu a Nettuno wane ne Egidio, wasu za su ce mai sayar da kifi ne a bakin tashar jiragen ruwa, wasu su ce tsohon mai cafe ƙwallo ne na ƙungiyar Lampara. Ni Liliana, da na shekara arba'in da ɗoriya ina wanke masa riguna masu ƙarni, in aka tambaye ni cewa zan yi mutumin kirki ne wanda taurin kai ya hana shi cin moriyar kirkinsa. A gabansa ma ina faɗa, don haka ba gulma ba ce.

An haife shi 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da wasan besbol ya riga ya kama garin nan kamar zazzaɓi. Ubansa yana cikin samarin da suka koyi wasan a hannun sojojin Amurka, kuma har ya mutu gani yake duk mai buga ƙwallon ƙafa bai samu tarbiyya ba. Egidio ya taso gajere, kakkaura, ba ya iya gudu, saboda haka tun yana yaro aka tura shi gurbin da kowa ke ƙi, wato bayan mai bugu. Can za ka tsuguna da ƙarfe a fuska da safar fata a hannun hagu, mai jifa ya tsaya a kan tudu ya auno ka da iyakar ƙarfinsa, mai bugu yana kaɗa gora dab da kunnenka. In ƙwallon ta wuce gorar sai ka cafe, ka mayar wa mai jifa, ya sake jefo maka. Aikin ke nan, a jefo, ka cafe, ka mayar. Egidio ya yi shi tun ba shi da gemu har gemun ya yi fari, kuma ban taɓa jin ya ce ya gaji ba.

Babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannuwansa. Ranar aurenmu zobe ya ƙi wuce gaɓa, fadan coci yana jira, uwata tana hararar uwarsa, sai da aka nemo sabulu. Da aka fito ana shirin tafiya cin abinci, ango ya ɓace. A filin wasa aka same shi, rigar aure a rataye a shinge, wai ya leƙo ne kawai ya ga ko an fara. Ya kamata in gane tun ranar, amma yarinya ce ni, shi kuma yana da murmushi.

An taɓa neman sa ya je ya yi wasa a wani gari, abin da mutanen yanzu ba su sani ba ke nan. Muna sabon aure wasu suka zo daga wata babbar ƙungiya, da mota mai ƙyalli, suka zauna a ɗakinmu suka sha kofi. Egidio ya saurare su har suka gama, sannan ya ce shi ɗan Lampara ne, ya raka su ƙofa. Ni da na riga na fara shirya akwati a zuci, sai na tashi na wanke kofuna. Tun daga ranar yake ɗauke da wannan ƙin a ƙirji kamar lambar yabo, duk wanda ya bar unguwa don neman gaba kuwa, a wurinsa ya sayar da kansa. Ya ci gaba da tashi da asuba ya tari masunta, ya wuni yana feɗe kifi da karkatattun yatsunsa, da yamma ya je ya tsuguna a cikin ƙura. Allah ya ba mu 'ya'ya mata biyu, duka suka tsani wasan, suka yi aure a Roma, na ce sun yi hankali.

Sai ga Tiziano. Ɗan Ornella ne, autar su Egidio, wadda mijinta ya rasu tun yaron bai shiga makaranta ba. Egidio bai yi wa ƙanwarsa doguwar ta'aziyya ba, don bai iya ba. Abin da ya yi shi ne ya sayo 'yar ƙaramar safar fata, ya ce a riƙa turo masa yaron in an rufe shago. A lungun bayan shagon suke yi, shi a tsugune a gindin bango, yaron yana jifa. Gilashin tagar kicin ɗina ya yi ta fashewa har mai gyara ya daina tambayar awo, da shi yake zuwa a yanke. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye ƙwallo a tukunya, duk a banza. Yaron ya yi ta tsawo kamar ana jan sa, hannunsa ya zama abin da ake zuwa kallo daga wasu unguwanni. In ya saki ƙwallo, ƙarar da take yi a safar Egidio har kasuwa ana jin ta. Egidio bai taɓa ce masa ya yi kyau ba, ko da wasa. Iyakarta ya mayar masa da ƙwallon, ya ce ya ɗaga gwiwar hannu, ya kira shi jaki. Amma in sun shigo, kifin da ya fi kowanne kyau a shago shi nake tararwa an ajiye mini in soya wa jakin.

Da ya kusa ashirin, wata babbar ƙungiya daga arewa ta zo neman sa. Egidio ya ce bai nuna ba, a bar shi ya ƙara kwana biyu a gida. Tiziano ya ji, ya je ya sa hannu. Ban ga laifinsa ba, Lampara ƙungiya ce da 'yan wasanta ke yanke ciyawar fili da kansu, in za a je wasa wani gari kowa ya nemi mai rage masa hanya. Laifinsa ɗaya, tsoro ya hana shi gaya wa kawunsa. Sai a shagon kofi na Quirino, shugaban ƙungiya, Egidio ya tsinci labarin a bakin mutane. Ya dawo gida ya ce kada a sake ambatar sunan yaron a gabansa. Ranar tafiya Tiziano ya zo sallama, Egidio ya hango shi ta taga ya fice ta ƙofar baya, wai za a kawo ƙanƙara. Lahadi ce, ba mai kawo ƙanƙara ranar Lahadi.

Daga nan mutumin da bai iya ko kunna waya ba ya koyi kallon wasa a cikinta. Zai shige banɗaki ya kulle, ina jin muryar mai sharhi ƙasa-ƙasa, ina jin sa shi kaɗai yana zagin gwiwar hannun wani. In ya fito na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce cikinsa ne.

Shekarar farko yaron ya yi abin kirki. A ta biyu ne ƙwallo ta kuɓuce masa ta sami wani mai bugu a fuska, ta karya masa muƙamuƙi. Mutumin ya warke, har ya kira Tiziano ya ce ya yafe, tsautsayin wasa ne. Tiziano ne bai warke ba. Hannunsa lafiya lau, likitoci sun duba sun sake dubawa, amma da zarar mutum ya tsaya a gabansa da gora sai ƙwallon ta tafi inda ta ga dama, wata ta daki ƙasa, wata ta haure kan mai cafewa. Suka yi haƙuri da shi irin haƙurin masu kuɗi, sannan suka sallame shi. Ya dawo wurin uwarsa a ƙarshen lokacin sanyi, ya rame, ba ya fita sai da hula a kan ido. Wani ɗan'uwan babansa mai shagon askirim a Jamus ya ce yana da gurbi in yana so. Tiziano ya gaya wa Quirino in Lampara za ta karɓe shi zai zauna, in ba haka ba ya ajiye safa ya tafi, tafiyar da ba dawowa wasa.

Unguwa ta rabu biyu, sai ka rantse maganar yaƙi ake yi. A shagon Quirino ita ce, a layin burodi ita ce, har a ƙofar coci. Masu cewa a karɓe shi suna cewa hannu irin wannan ba a sayen sa a kasuwa, yaro ne ɗanye, kai ne ya rikice, kai kuwa a gida yake daidaita. Masu ƙi suna cewa mai jifan da ba ya ganin hanya ba mai jifa ba ne, kuma akwai yaran da suka zauna suka sha rana a nan lokacin da shi yake ɗaukar hoto a arewa, da wane ido za a ce su matsa masa. Akwai wani Nazzareno, direban bas, wanda bai taɓa riƙe gora ba a rayuwarsa amma ya fi kowa sanin wasa, shi cewa yake in an karɓe shi sai a raba wa 'yan kallo hular kwano. Ni kuwa abin da nake cewa, Lampara ta saba shan kashi da masu jifa masu ganin hanya, me zai ragu in ta sha da ɗanmu? Ba wanda ya saurare ni, wai ban san wasa ba, ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan bencin filin nan.

Duk surutun ma na banza ne, don ba ƙuri'a ake jefawa ba. A Lampara, mai jifan da ya tafi da ƙafarsa in yana son dawowa, ranar Lahadi bayan coci zai zo fili. A ajiye masa bokitin ƙwallaye a kan tudu, mai cafewa mafi tsufa a ƙungiya ya tsuguna masa. Duk wadda tsohon ya cafe sai ya ajiye ta a gefe, ba ya mayarwa, har bokiti ya ƙare. Ta ƙarshe ita ce hukunci. In ya jefa masa ita an karɓe shi, in ya sa ta a aljihu ya juya, shi ke nan, ba mai ƙara magana. Shekara da shekaru tsoho Ampelio ne ke wannan aiki, sai ya ga dama ya mutu bara, abin ya faɗo kan mijina.

Na ɗauka Allah ne ya kawo sauƙi, ashe ban gama sanin wanda na aura ba. Egidio ya ce aljihu za ta. Ya faɗa a shago, ya faɗa a wurin Quirino, ya faɗa wa Ornella da ta zo tana kuka a kicin ɗina tana tuna masa ba ta da kowa sai yaron nan. Ya ce ba gaba ba ce, gaskiya ce, yaro ya lalace, ƙungiya kuma ba asibiti ba ce. Da Ornella ta tafi na tare shi.

"Egidio, ɗan ƙanwarka ne fa. Kai ka koya masa riƙe ƙwallon."

"Shi ya sa na san ya lalace."

"To wa kake kallo a banɗaki duk shekarun nan?"

Ya ce cikinsa ne, ya ja kwat ɗinsa ya fita. Na bi shi har ƙofa da ludayi a hannu, na fasa jifa don na san cafewa zai yi.

Ranar Lahadi fili ya cika fiye da ranar wasa, fada ma sai da ya gajarta wa'azi. Egidio ya fito da tsohuwar safarsa da kwat ɗin kasuwa mai manyan aljifai, don kowa ya ga niyyarsa. Tsugunawar kaɗai ta ɗauki lokaci, gwiwoyinsa suna ƙara, Quirino ya miƙo masa 'yar kujera ya harare shi. Aka tsayar da wani ɗan wasa da gora don abin ya zama kamar gaske. Tiziano yana kan tudu, bai kalli kowa ba, ni ma da na ɗaga masa hannu bai gani ba. Ya ɗauki ta farko, ya juya ta a tafi, ya ɗaga ƙafa, ya saki.

Jifan banza ne, ko ni na gani. Ta yi sama ta yi dama, mai gora ya sunkuya ya rufe kai. Sai na ga mutumin da nake taya sa safar ƙafa da safe ya tashi sama kamar an tsikare shi, ya cafke ta da bakin safa, kuma kafin ƙafarsa ta gama taɓa ƙasa hannun dama ya riga ya zaro ta ya wurga. Ta tafi ɗoɗar ta faɗa safar Tiziano daidai ƙirji.

"Gwiwar hannu, jaki," in ji Egidio.

Tiziano ya kalli ƙwallon, ya kalli kawunsa. Egidio ya kalli hannunsa kamar na aro ne. Sai Quirino ya yi gyaran murya ya ce al'ada ta ce in tsoho ya mayar an karɓa, ga shi ya mayar a gaban kowa, shi bai ga abin da ya rage ba. Nazzareno ya daka tsalle ya ce bokiti cike yake, ba a yi gwaji ba. Aka kaure da musu, Egidio a tsakiya yana rantsuwa cewa kuskure ne, hannun ne ya saba, duk rayuwarsa mayarwa yake, bai ma san ya yi ba. Aka tambayi fada, ya ce shi dai ya ga an mayar. Haka Tiziano ya koma Lampara da jifa ɗaya, wanda ba a taɓa ganin mai muninsa a filin ba.

Na yi dariya ranar har da hawaye. Na dafa taliya da jatan lande, na kira Ornella da ɗanta. Egidio ya ɗauki farantinsa ya tafi shago, da yake a rufe, ya ci a can. Har yau ban san ko kuskure ne ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

Da masu hankali ne, da nan maganar ta ƙare. Kakar wasa ta fara, Tiziano ya hau tudu, abin bai yi kyau ba. A wasan nan in mai jifa ya yi ta kauce hanya, mai bugu wucewa yake kyauta ba tare da ya bugi komai ba, to haka aka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya har koci ya zo ya karɓi ƙwallon. Kashegari kowa ya zo sayen kifi da ba'a a baki. Wannan ya ce a auna masa amma a kula da hannun nan, wancan ya karɓi ƙunshinsa ya miƙa wa Egidio ya ce a gani ko zai mayar. Maimakon ya yi dariya ya wuce, sai ya ajiye wuƙa ya yi wa kowa bayani, da rantsuwa, cewa shi aljihu ya nufa. Kullum sai ya faɗa, ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Kuma wannan mutumin dai, da yamma in ya rufe shago, sai ya ɗauki tsintsiya ya shiga lungun baya yana share wurin da ba datti, safarsa tana ƙarƙashin teburin kifi an shafa mata mai. Na ce masa yaron nan ba abin da yake bukata sai wanda zai tsuguna masa ba tsoro, don masu cafewa na yanzu tun bai saki ba suke kauda kai. Ya ce ai ya san hanyar lungun. Na ɗauki kwanon abinci na je wurin Tiziano na ce kawunsa yana jiran sa. Ya dube ni ya ce, Inna, mutumin da ke gaya wa duk mai sayen kifi bai so ni ba? In yana nema na ya kira ni. Na koma, na dawo, na sake komawa, tsofai-tsofai da ni ina zirga-zirga tsakanin gida biyu da ake jin tarin juna. Jininsu ɗaya, kan ma iri ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, yaron ya fara samun kansa. A watan Mayu ya yi wani wasa da ya riƙa fitar da masu bugu bi da bi, ƙwallon tana bin hanya, har na ji tsohuwar ƙarar nan ta safa. Egidio yana zaune kusa da ni, ya matse mini hannu sai da na tsunkule shi ya saki. Da aka tashi na tambaye shi yaya ya gani, ya ce iska ce ta taimaka.

Mako na gaba abin ya dawo. Ya sami wani a kafaɗa, ba wani ciwo, mutumin ma murmushi ya yi, amma daga nan Tiziano ya watse, aka cire shi, aka ci mu. Bayan wasa maza suka taru a shagon Quirino kamar kullum, ni kuma na leƙa in kira Egidio don abinci yana hucewa. Na tarar Nazzareno ya sa shi a gaba, yana cewa ya kamata abokan hamayya su haɗa kuɗi su yi wa hannun Egidio mutum-mutumi, tunda bana ba wanda ya kai shi yi musu aiki. Ana ta dariya. Egidio ya buga tebur.

"Na gaya muku hannuna ne, ba ni ba. Da ta tawa aka bi, da yanzu yana Jamus yana zuba wa yara askirim, mu kuma mun huta."

Dariyar ta mutu tun bai rufe baki ba, don Tiziano yana bakin ƙofa, a bayana, da jakarsa a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya wuce ni, ya zuge jakar, ya ciro ƙwallo, ya je ya buɗe tafin kawunsa ya ɗora masa ita. Sannan ya ja da baya har bango, ya sa safa, ya ɗaga ta daidai ƙirji.

"Kawu, na gaji da jin ta a bakin mutane. In hannunka ne ya yi kuskure, ga ta nan, ka gyara. In kuma kai ne, ga ni."

Ba wanda ya motsa. Na ce a hankali, Egidio, ka ji tsoron Allah. Na ga hannun dama ya tashi da kansa har ya kai kunne, gwiwar a sama yadda yake koyarwa. Sai ya kalli Nazzareno, ya kalli sauran, mutanen da ya yi ta rantse musu tun farkon kaka. Ya kai hannun hagu ya kamo na dama, ya sauko da shi, ya cusa ƙwallon a aljihun kwat. Da hannu biyu ya yi, kuma da ƙyar.

Tiziano ya sauke safa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode, ya sumbace ni a kumatu, ya fita. Quirino ya bi shi yana cewa nan ba fili ba ne, wannan ba ta ƙirgu ba, bai ko waiwayo ba. Kafin mako ya zagayo ya hau jirgin ƙasa.

Na daina yi wa Egidio magana har tsawon wani lokaci. Na yi ta dafa masa abinci ba gishiri, yana cinyewa ba ya cewa komai, har abin ya fi damu na fiye da shi. Ornella ta koma sayen kifi a wani shago. Lampara ta gama kaka inda ta saba gamawa, can kusa da ƙasa, da masu jifanta masu ganin hanya. Nazzareno ya samu wani ya sa a gaba. Unguwa ta manta, don ita ba ta rasa komai ba.

Tiziano yana nan lafiya. Yana kira na ranar Lahadi, ya yi ƙiba, ya fara jin Jamusanci, akwai kuma wata yarinya da sunanta ke yawan faɗo masa a baki. Ba ya taɓa ƙwallo, na tambaya. In wayar ta shigo sai Egidio ya samu abin gyarawa kusa da ni, famfo ko ƙafar kujera, ya yi ta juya ƙusa ɗaya har mu gama. Bai taɓa cewa a ba shi ba, yaron ma bai taɓa cewa a ba shi ba.

Ƙwallon tana nan a aljihun. Da ita yake zuwa shago, da ita yake zuwa coci, a tsakiyar zafin Agusta yana yawo da kwat, gefe ɗaya ya rinjaya, mutane suna bin sa da kallo. Da na gaji na ce ya ba ni in sa a kwali in aika wa yaron, tunda bakin ya ƙi buɗuwa.

"Ba aika ta ake yi ba, Liliana," in ji shi. "Jefawa ake yi."

Na ce to ya jefa mana, wa ya hana shi. Tiziano ya ce wataƙila ya zo da Kirsimeti, wataƙila kuma sai baɗi, shago ba ya barin sa. Ita kuwa kafaɗar dama ta Egidio tun shigowar sanyi ta riƙe, likita ya ce ta gama aikinta, yanzu ko hannun riga ni nake zura masa. Rannan na hango shi a bakin teku, ya ɗauka ba mai ganin sa, yana tsintar duwatsu yana gwadawa. Suna faɗuwa kusa da ƙafarsa, ko ruwan ba sa kaiwa. Na juya na bi ta wata hanya, ina zagin sa a zuci tun daga can har gida, a bakin ƙofa kuma hawaye suka hana ni ganin kafar makulli.

Jiya aljihun ya sake yagewa. Na ce ya tuɓe in ɗinke, wannan karon da zaren kamun kifi. Ya tuɓe ya miƙo mini, amma sai da ya ciro ƙwallon tukuna, ya zauna a bakin gado da ita a hannu yana jira in gama.